Tulu Mai Hancin Raƙumi

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa duwatsu, ya sa wa kowace iska hanyarta, ya ba kowane ɗan itace ƙamshinsa, da shi nake buɗe baki. Ni ne Nomau ɗan Yalwa, mutumin Gaɓar Kanwa, wanda kuke kira Mai Tulu. Kun daɗe kuna damuna da tambayar abin da ya sa tulunan gahawata suke da hanci kamar dabba. To yau kasuwa ba ta cika ba, ku gyara zama. Wanda yake da gyara ya riƙe abinsa sai na gama, don ni na yi tafiyar nan, ba shi ba.

Garinmu yana bakin Filin Kanwa, farar ƙasar da ake kwana sittin ana ratsawa ba a ga ko tsinken ciyawa ba. A can ɗaya gefen filin akwai Dutsen Raɓa, inda gahawa take fitowa. Daga can aka auro mahaifiyata, Inna Yalwa, kuma ba ta sake komawa ba. Ni ne ɗanta na fari. Kun san al'adarmu: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zaman hira da shi. Shekara arba'in ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana so in ci abinci, sai ta dubi bango ta ce wa ƙanwata Kyauta, "Ki ce wa wancan tuwo na hucewa." Ni kuwa na san duk ƙaunar da ke duniya tana cikin "wancan" ɗin nan.

Da tsufa ya kama ta, sai hankalinta ya fara zubewa kaɗan-kaɗan. Ta manta inda ta ajiye ludayi, ta manta ranar kasuwa, ta manta sunan maƙwabta. Wata safiya na shiga gaishe ta, sai ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, ta yi murmushi, ta ce, "Sannu, bawan Allah. Yaya sunanka?"

Na faɗa mata.

Ta ce, "Nomau. Suna mai daɗi. Zauna mana, Nomau, mu yi hira."

Na zauna, ta yi ta hira da ni kamar baƙon da ya zo neman ruwa. Da na fito na zaga bayan ɗaki na yi kuka, ni da furfura a gemu. Sunan da na yi shekara arba'in ban ji ba, ranar na ji shi sau bakwai, kuma kowane ɗaya sai da ya ƙona mini zuciya.

Ana nan sai wani falke ya sauka garinmu da buhun gahawar Dutsen Raɓa, soyayya, ta sha kwana sittin a hanya. Na karɓo tafi ɗaya na kai wa Inna. Ta sansana. Wallahi na ga abin da idona: fuskarta ta canja, ta dube ni, ta fara sunkuyar da kai yadda ta saba. Sai kuma ta ture hannuna ta ce, "Wannan ta mutu." Ta sake ɗagowa ta tambaye ni sunana.

Na ce wa Kyauta, "In matacciya ta yi haka, mai rai fa?"

Kyauta ta ce, "Yaya, sittin zuwa, sittin dawowa. In ka dawo ka tarar ƙasa ta rufe ta fa?"

Na ce, "Ko na zauna, ai ba ni take gani ba."

Washegari na ɗaura wa taguwata, wato raƙumata, sirdi. Tsiwa sunanta, kuma ta ci sunan, don ba ta taɓa ganin mutum ta fasa tofa masa yawu ba.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin filin ba, sai abu biyu. Ƙasar fara ce fat, har sai mutum ya ɗaura baƙin ƙyalle a ido, in ba haka ba ya makance kafin la'asar. Kuma da tsakar rana tafkuna suna bayyana a sama, a kife, da kifaye suna iyo a cikinsu ciki sama. Wanda ya tsaya kallo ƙishirwa ce ke kashe shi. Ni ƙasa na yi ta kallo har kwana sittin suka cika.

Dutsen Raɓa ya fi yadda Inna take ba da labarinsa. Raɓa tana ɗiga daga itatuwa har hantsi, kamar yayyafi. Mutanen ba su da fili ko na shimfiɗa tabarma, saboda gahawa ta cinye ko'ina, don haka gidajensu a rataye suke jikin dutse da manyan igiyoyi, suna lilo in iska ta taso. A ɗaya daga cikin gidajen nan na sami Kawu Dogara, ƙanen Inna, wanda duk dutsen ba mai suyar gahawa kamarsa. Tun ban yi magana ba ya dubi wushiryata ya ce, "Wannan bakin Yalwa ne. Hawo, ɗana."

Na ba shi labari, ya share hawaye. Na ce, "Kawu, ka ba ni ɗanya, in na isa gida in soya mata da kaina."

Ya girgiza kai. "Ɗanyar ƙwaya ba ta sauka daga dutsen nan, kada a shuka ta a wata ƙasa. Masu tsaron ƙofa suna taje gashin mai fita, suna warware bakin rigarsa. In aka kama baƙo da ƙwaya ɗaya, igiyar gidan mai masaukinsa ake yankewa. Jikokina tara a gidan nan, Nomau."

Na leƙa ƙasa ta tsakanin katakon daɓen, na ga nisan da ke ƙarƙashinmu, ban sake tayar da maganar ba.

Sai ya jera mini faifai uku. Na farko suyar ranar, ƙamshinta har cikin ƙwaƙwalwa. Na biyu ta kwana ashirin, sai ka kai hanci kusa. Na uku ta kwana sittin, warin tsohon mai kawai. Ya ce, "Ba rana ba ce, ba tafiya ba ce. Iskar nan da muke shaƙa ita ke cinye ta."

Na ce a zuba a burgami a ɗinke. Ya ce an yi. Na ce a tsoma a zuma. Ya ce an yi, zuma aka sha. Na ce a sa a tulu a liƙe da kakin zuma. Ya ce, "Ka liƙe shi da iskar a ciki ke nan. Ka kulle hatsi da ɓera a rumbu ɗaya."

Raina ya ɓaci, na ce, "To duk faɗin duniyar Allah babu inda iska ba ta cin abu?"

Ya ce, "Akwai inda iska ta mutu. Kwarin Kashe-Wuta, kwana uku daga nan, a kan hanyarka ta gida. Ban taɓa zuwa ba, mutanen can ba su da cikakken hankali."

Ya soya mini mudu huɗu, na sayi tulu biyu, na gangara.

Da na hango kwarin sai na ce Kawu ya yi gaskiya. Gidaje a kan dogayen turaku, tsayin mutum uku. Ba kaza, ba kare, ba akuya a ƙasa. Kowa yana tafe da fitila a kunne, da rana tsaka, a rataye da igiya tana lilo a ƙwaurinsa. Ga mata suna tsoma manyan ƙore cikin ramukan da babu komai, suna ɗagowa a hankali, suna tafiya sannu-sannu kamar masu ɗauke da nono. Na leƙa ƙwaryar wata, wayam. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ɗaure Tsiwa a kan tudu na shiga.

Aka nuna mini babbarsu, Iya Tsahara, wata doguwar tsohuwa mai idon shaho, tana tsaye a bakin wani rami. Ni kuwa ɗan tarbiyya, Inna ba ta yi wasa da wannan ba. Na cire takalmi, na durƙusa har ƙasa, na buɗe baki zan ce barka da rana.

Abin da na sani ke nan.

Na farfaɗo a kan wani dandamali, kaina kamar ana daka a ciki, kunnena na dama yana zafi, don da shi ta jawo ni. Tana tsaye a kaina ta ce, "Kai ne mai dariya? A garin nan tsaye ake gaisuwa. Wanda ya durƙusa wa babba, gawarsa ake ɗauka. Wace uwa ce ta sako ka ba ta faɗa maka ba?"

Na ce, "Iya, uwar da ta koya mini durƙuson ce ta kawo ni." Na ba ta labari daga farko. Sai ta bar harara.

Ta nuna mini abin da ya kayar da ni. Daga ƙarƙashin ƙasar kwarin wata iska take tsatsowa, mai nauyi, ba launi, ba wari. Ba ta tashi sama, kwanciya take yi a ƙasa kamar ruwa, wani lokaci iya idon sawu, wani lokaci har gwiwa. Fitilar ƙwauri ita ke gaya wa mutum inda ta kai: in ta mutu, ka nemi tsani. Ta ɗauko ƙwaryar da na yi wa dariya, ta karkata ta a kan fitila mai ci. Ban ga komai ya zubo ba, amma wutar ta mutu nan take.

Sannan ta sa ƙugiya ta jawo wani kwando daga ramin. Ta miƙo mini dabino ta ce, "Shekararsa bakwai." Na ci, kamar jiya aka tsinko shi. Ga gero, ba ƙwaro ko ɗaya. Ta ce, "Iska mai rai tana ba da rai, tana kuma cinye abu. Matacciya ba ta bayarwa, ba ta karɓa. Abin da ka ba ta ajiya, haka za ka same shi."

Ta koya mini aikin. A zuba gahawa a tulu, a kwarara matacciyar iska a hankali ta gefen baki, ta sauka ƙasa ta tura mai rai waje. A kawo lagwani mai ci bakin tulun. In ya ci gaba da ci, da saura. In ya mutu daidai leɓen tulu, ya cika, sai murfi da kakin zuma. Ladanta finjali ɗaya ta nema, na dafa mata a kan dandamali, ta sha ta ce ba laifi, ta miƙo a ƙara.

Na kama hanyar gida ina jin duniya tawa ce. Kwana biyar cikin filin, da azahar, rana na dukan tulunan, sai na ji wata ƙara kamar an fasa dutse. Tulun dama ya tarwatse. Tsiwa ta zabura, ta yi tsalle, na hagu ya faɗo ya bi ɗan'uwansa. Gahawata ta watsu a kan kanwa. Na tsuguna ina tsinta ɗaya-ɗaya, na sa wata a baki, gishiri da ɗaci. Na zagi tulun, na zagi maginin tulun, na zagi Tsiwa, ita kuma ta tofa mini yawu.

Na dubi gabas inda Inna take, kwana hamsin da biyu. Na dubi baya, kwana takwas. Na juya akalar.

Kawu Dogara ya ji labari ya ce, "Af, ai gahawa tana numfashi bayan suya. Sai ta yi kwana goma sha biyar tana fitar da iska. Kowa a nan ya sani."

Na ce, "Kawu, me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Ka tambaye ni?"

Ba don ƙanen Inna ba ne, da na faɗi maganar da zan yi nadama. Ga yadda abin yake: mutanen dutse sun san numfashin gahawa, ba su san matacciyar iska ba. Mutanen kwari sun san iskarsu, amma gero da dabino ba sa numfashi. Ni kaɗai ne wawan da ya haɗa su a tulu ɗaya. In na jira ta gama numfashi kafin in rufe, rabin ƙamshin ya tafi. In na bar huda, mai rai ta shiga. In na liƙe, tulu ya fashe. Ƙofa nake nema wadda za a fita ta cikinta, ba a shiga.

Kwana huɗu ina zaune a gindin dutse kusa da Tsiwa. Ƙudaje sun dame ta. Ina kallonta sai na lura da hancinta: a rufe yake ruf, leɓe kan leɓe, ƙuda ya yi ta yawo bai sami hanya ba. In za ta fitar da numfashi sai ya buɗe, fuu, ya sake mannewa. Na miƙe na sumbaci hancin nan, ta kusa cire mini kunnen da Iya Tsahara ta bari.

Na nemo hanjin akuya na wanke, na yanki tsawon yatsa, na ɗaura a bakin ɗan bututun gora, na shafa man kaɗanya a ciki don leɓunan su manne. Na tsoma a ruwa na hura, kumfa ta fito. Na zuƙa, ko ɗigo bai shigo ba. Kada ku ɗauka a karon farko ne. Sau goma sha ɗaya na yi, akuya uku suka tafi a kai, jikokin Kawu suka ci nama har suka gaji. Na huda murfin sabon tulu, na dasa bututun, na zagaye shi da kaki.

Kawu ya sake suya. A wannan karon bai bar kowa ya taɓa kaskon ba, yana juyawa yana ambaton yayarsa. A kwari Iya Tsahara ta cika mini tulun da hannunta, ta ƙara mini na biyu wanda babu komai ciki sai matacciyar iska, ko murfi zai tsage a hanya in ƙara. Na gaishe ta a tsaye. Muna nan sai hancin tulun ya yi fuu. Ta kai fitila wurin, wutar ta yi ƙasa kamar za ta mutu. Ta ce, "Ashe numfashin gahawar taka ma irin tamu ce. To ba za su yi faɗa ba."

Kwana arba'in da bakwai tulun yana huci a bayana duk sa'ad da rana ta dake shi, bai fashe ba. A Rijiyar Ƙarshe, saura kwana goma gida, na faɗa hannun 'yan fashi. Su shida ne, suna gashin barewa a cikin rami da hantsi. Babbansu, wani jibgegen mutum da suke kira Jatau, ya dubi yadda na naɗe tulunan da bargo ya ce, "Tulun da ake lallaɓawa haka, zinariya ce a ciki. Sauke."

Na ce, "Matacciyar iska ce, ranka ya daɗe."

Ya ɓalle murfin na biyun, ya leƙa, wayam. Suka yi dariya irin wadda na yi a kwari. Ya ɗaga gatari ya nufi na gahawar. Na yi maza na ce, "Kafin ka fasa wancan, bari in zuba maka wannan wayam ɗin ka gani."

Na ɗauki tulun na karkata shi a kan ramin wutarsu. Wutar da take ci bal-bal ta kwanta, ta mutu, ba ruwa, ba ƙasa, ba ko ƙarar cuu. Garwashin ya yi baƙi ƙirin. Dariya ta tsaya. Allah da ikonsa, daidai lokacin rana ta taɓa ɗaya tulun, hancinsa ya buɗe ya yi fuu.

Na ce, "Wannan da kuka gani matacce ne. Wancan kuwa yana numfashi."

Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, ku shaida. Jatau ya sauke gatarin a hankali, ya ja da baya. Amma ɓarawo ba ya tafiya hannu wofi: suka ja Tsiwa suka tafi da ita. Abin da na gani na ƙarshe, ta wanke wa Jatau fuska da yawu. Har yau in na tuna ta sai raina ya sosu.

Na warware rawanina na goya tulun a baya kamar jariri, na rataya salka ɗaya, na taka. Tafiyar kwana goma ta zama goma sha shida. Takalmina ya ƙare a rana ta biyar, kanwa ta tsattsage mini ƙafafu har ina barin jan sawu a kan farar ƙasa. In na ji zan faɗi, sai in faɗi ta gaba, don kada tulun ya taɓa ƙasa.

Na shiga Gaɓar Kanwa da hantsi, mata suna leƙe suna dariyar namiji da goyo. Kyauta tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta gan ni ta saki rariyar. Ban iya tambaya ba, ita ta faɗa. "Tana nan, Yaya. Amma wata biyu ke nan ba ta ce uffan ba."

Na shiga. Ta koma 'yar mitsitsiya a kan gadon. Ta dube ni ido cikin ido, babu kowa a cikin kallon, ko tambayar sunan ma ta daina. Na ce Kyauta ta saki labule ta kawo turmi da garwashi. Na sa wuƙa na yanke kakin, na ɗaga murfin.

Jama'a, ɗakin nan ya cika da Dutsen Raɓa. Na daka, ƙamshin ya ƙaru. Na dafa, na tace, na miƙa wa Kyauta finjalin. Ta kai shi bakin Inna. Hancin Inna ya motsa. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Ta sake kurɓa.

Sai muka ji murya, a dushe, kamar daga cikin rijiya. "Dogara ne. Har yanzu bai bar ƙona ta ba."

Ta dubi rufin ɗakin, ta dubi Kyauta, ta ce, "Kyauta." Sannan idonta ya zo kaina. Ya sauka a kan ƙafafuna, ya hau fuskata, ya tsaya. Sai ta sunkuyar da kai, ta ja mayafinta, ta juya fuska ga bango.

Ta ce, "Ki ce wa wancan ya shafa man kaɗanya a ƙafafun nan. Kuma ki zuba masa abinci, dubi yadda ya koma."

Kwana ashirin da uku ta yi bayan wannan. Kowace safiya ina dafa mata finjali ɗaya. Wata rana hankalinta ya dawo, wata rana bai dawo ba, ƙamshin ma yana raguwa tun da an buɗe tulun. Amma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake faɗin sunana ba.

Nan hikayata ta sauke kaya, Allah ya jiƙan iyayenmu. Kai mai jar hula, miƙo finjalinka, ta huce.